Taya ce ta fashe, amma mijina ake so ya ɗauki laifin

"Assalamu alaikum. Mijina direban tirela ne, ya daɗe yana jan motar wani Alhaji a kan albashi da kuɗin tafiya. Makon jiya ya ɗauko masara daga Dawanau zai kai Ibadan. Tsakanin Mokwa da Jebba tayar gaba ta ɓangaren direba ta fashe, motar ta ƙwace masa ta shiga hannun masu tahowa, ta haɗu da wata ƙaramar motar haya. Mutum ɗaya ya rasu, uku suna asibiti. Shi Allah ya tsare, sai karaya a hannu, yanzu yana wurin 'yan sanda. Tun kafin tafiyar ya yi wa manajan Alhaji magana ta WhatsApp cewa tayoyin gaba sun suɗe, aka ce ya lallaɓa, in ya dawo za a canza. Yanzu manajan ya je masa da takarda, wai ya sa hannu cewa gudu yake yi. In ya sa, Alhaji zai yi belinsa, ya ci gaba da ba mu abinci, a riƙa cire kuɗin gyaran mota daga albashinsa. Surukaina sun ce ƙaddara ce, kada mu ja da mai kuɗi. 'Ya'yanmu biyar. Wa doka za ta kama? Kuma alhakin ran nan a wuyan mijina yake?"

Wata baiwar Allah, daga Kano

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya jiƙan wanda ya rasu, ya ba na asibiti lafiya, ya fitar da maigidanki cikin sauƙi.

Kada ya sa hannu a takardar nan. In da hali, yau ɗin nan ki tura wani namiji daga danginsa ya faɗa masa baki da baki, domin mutumin da ke tsare, ga karaya ga tunanin yara biyar, komai aka miƙa masa da alkawarin fita zai iya sa wa hannu.

Shari'a biyu ce ke gaban wannan haɗari, kuma kowace da hanyarta. Ta farko ta laifi ce, tsakanin hukuma da direba. Hanyar Mokwa zuwa Jebba ta gwamnatin tarayya ce, kuma dokar manyan hanyoyin tarayya da dokar Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, FRSC, ta 2007 duk sun tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara bakwai ga wanda ya yi sanadin mutuwa ta hanyar tuƙin ganganci. Amma fa mai gabatar da ƙara ne zai tabbatar wa kotu cewa an yi gangancin. Mutuwar mutum kaɗai ba ta isa hujja ba. Ƙa'idar gudun tirela a irin wannan hanya kilomita 50 ne a sa'a, 60 a kan babban titi mai hannu biyu. Ranar da mijinki ya rubuta da hannunsa cewa gudu yake yi, ya gama wa mai gabatar da ƙara aikinsa. Alhaji ba zai kwana masa a gidan yari ko dare ɗaya ba, kuma buhun shinkafar da aka yi alkawari babu kotun da za ta tilasta a ci gaba da kawowa.

Beli kuwa ba kyautar Alhaji ba ce. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a kusa, ko kwana biyu idan da nisa. Kin ce makon jiya abin ya faru, kenan an riga an wuce wa'adi. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda jihohi suka yi irin tasu, ta ba shi damar kada ya ba da bayani sai gaban lauyansa, ta ba shi tafinta idan ba ya jin Turanci, ta hana a kama wani a madadinsa, kuma ta ce ba a hana mutum tsaya wa wani beli don kawai mace ce. Idan babu kuɗin lauya, akwai Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta gwamnatin tarayya, tana da ofis a manyan biranen jihohi. Ki kuma sa a sanar da shugabannin ƙungiyarsu ta direbobi a tashar da yake lodi. Sun saba da irin wannan tafiya, sun san wa ake gani a wane ofis.

Shari'a ta biyu ita ce ta diyya, wadda iyalan mamacin da waɗanda suka ji rauni za su iya shigarwa. A nan doka ba ta da wani ruɗani: ɓarnar da ma'aikaci ya yi a bakin aikinsa, ubangidansa yana cikin masu biya. Mijinki ɗan albashi ne, motar Alhaji yake ja, kayan da ofishin Alhaji ya amince a ɗauka ya ɗauka. Ko da gudun yake yi da gaske, masu ƙara za su iya haɗa su biyun, kuma a aikace mai motar da kamfanin inshorarsa ake bi, don can kuɗin yake. To tunda takardar ba za ta fitar da Alhaji daga biyan diyya ba, me ya sa ake matsa wa a sa hannu? Domin akwai laifin da yake nasa na kansa, wanda bai biyo ta hannun direba ba: ya saki mota mai ɗauke da tan-tan na kaya ta hau titi a kan tayar da aka gaya wa ofishinsa ta ƙare. Wannan laifin ake so a binne. Idan aka binne shi, sai a samu hujjar cire kuɗin gyara daga albashin mijinki, kuma babu wanda zai sake tambayar halin da sauran motocin gidan suke ciki.

Mutane da yawa, har da direbobi, suna ɗauka cewa da zarar an ce "taya ce ta fashe" magana ta ƙare. A kotu ba haka ba ne. Motar da ta bar hannunta ta shiga na wasu, wannan kaɗai alama ce ta sakaci, sai mai motar ya zo ya nuna cewa abin da ya faru ya fi ƙarfin duk wata kulawa da mai hankali zai yi. Akwai wata tsohuwar shari'a ta Ingila da ake koyar da ɗaliban lauya har a nan, tunda dokarmu ta sakaci daga can ta samo tushe. A 1950 kotun ƙolin ƙasar ta yanke hukunci a ƙarar Barkway da wani kamfanin motocin safa na kudancin Wales. Tayar motarsu ta fashe, ta faɗa gangare, fasinjoji suka mutu. Kamfanin ya kawo shaidar cewa yana duba tayoyinsa a kai a kai, kuma lahanin a cikin tayar yake, ido ba ya gani. Duk da haka kotu ta kama shi, saboda bai umarci direbobinsa su riƙa kai rahoton duk wani mugun bugu da taya ta samu a hanya ba. Ki duba: an kama kamfanin da bai shirya hanyar jin rahoto ba. Ina ga ofishin da rahoton ya iske shi, ya ce a lallaɓa?

Shi ya sa saƙon WhatsApp ɗin nan ya fi komai daraja a hannunku yanzu. Ki binciki inda wayar mijinki take. Idan tana wurin 'yan sanda, lauya ya tabbatar an rubuta ta cikin kayan da aka karɓa. Idan tana hannun yaron mota ko wani ɗan'uwa, a ɗauki hoton saƙonnin da ranakunsu, a tura muryoyin zuwa wayoyi biyu ko uku, kuma kada a sayar da wayar ko a goge ta, don kotu za ta so ganin asalin. Kada ki gaya wa manajan cewa kuna da su. Yaron motar ma shaida ne: ya san nauyin lodin, ya san yaushe aka duba iska, ya ji ƙarar fashewar kafin karon ko bayansa. Ki nemi lambarsa da ta wani nasa tun kafin a tura shi wata mota ya ɓace muku.

Sai ita kanta tayar. Abin da na fi jin tsoro shi ne a janye motar, a cire tayar, masu yin takalmi da gugar rijiya su yanka ta, shi kenan babbar shaida ta tafi. Lauya ya rubuta wa ɗan sandan da ke binciken da jami'in duba motoci, wato VIO, cewa a ajiye tayar da guntayenta da rim ɗinta, a kuma duba 'yar'uwarta ta ɗaya ɓangaren. Taya tana faɗin abin da ya kashe ta ga wanda ya iya dubawa. Wadda ta suɗe za a ga zanenta ya shafe, wani wurin har waya ta leƙo. Wadda aka daɗe ana tafiya da ita da ƙarancin iska ko lodin da ya fi ƙarfinta, zafi ne ke cin ta daga ciki, sai a ga cikinta ya ƙone ya yi gari, bayan ya saɓule ya rabu da jikin. Wadda ta daki bakin rami tana da tsaga a wuri ɗaya. Wadda ta tsufa gefenta duk ya yi ƙananan tsage-tsage. Akwai kuma wadda zanenta ya ƙare aka sake yanka mata sabo da ƙarfe mai zafi don ta yi kyan gani a kasuwa. A gefen kowace taya akwai rubutun da ya fara da DOT, ya ƙare da lambobi huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan an ga 2319, an ƙera ta a mako na 23 na 2019. FRSC ta daɗe tana gaya wa masu motoci cewa shekara huɗu ne wa'adin taya daga ranar ƙira, kuma tuƙi da tayar da ta suɗe laifi ne da take cin tara a kai. A ɗauki hoton lambobin nan. A kuma nemi kwafin zanen wurin haɗari da 'yan sandan kula da zirga-zirga suka yi, da rahoton VIO. Kurjin da rim ya yi a kan kwalta kafin wurin karon shi ke nuna cewa fashewar ce ta riga, ba karon ne ya fasa tayar ba.

Idan Alhaji yana da motoci biyar ko fiye, akwai wani tsari da FRSC ta ƙaddamar a 2007 wanda ya wajabta wa irinsu yin rajista, da ajiye jami'in kula da lafiyar motoci, da rubuta tarihin gyaran kowace mota. Lauya zai iya neman a kawo wannan littafi gaban kotu. Rashinsa ma magana ce.

Yanzu abin da ba zai yi miki daɗi ba, amma gara ki ji shi daga gare ni kafin ki ji shi daga bakin lauyan gwamnati. Saƙon da zai kama Alhaji shi ne kuma yake nuna cewa mijinki ya san halin tayar, ya kuma hau ya ja. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Doka ta ɗora wa direba duba motarsa kafin ya tashi, kuma "oga ne ya ce in tafi" ba ta wanke mutum gaba ɗaya. Na san abin da ake nufi da direba ya ajiye makulli ya ce ba zai tafi ba: kafin la'asar an ba wani motar, shi kuma ya koma gida hannu rabbana. Alƙali ma ya san haka, kuma yana iya duba shi wajen sassauci. Amma kada ku shiga kotu da tunanin cewa shi fes zai fita. Abin da ake nema shi ne kowa ya ɗauki gwargwadon nasa, kuma gwargwadon wanda ya yi gargaɗi aka ƙi ji ba ɗaya ba ne da na wanda kuɗin taya ke aljihunsa ya hana. Don haka lauya ne zai zaɓi lokaci da yadda za a fito da saƙon. Kada ku yaɗa shi a Facebook don huce haushi.

Ga inshora. Dole ne kowace mota da ke kan titi ta kasance da inshorar da ke biyan mutanen waje idan ta yi musu ɓarna. Tun 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da harkar inshora ta ƙasa, NAICOM, ta sa kuɗin wannan inshora ga manyan motocin dakon kaya ya zama naira 100,000 a shekara, tana biyan ɓarnar dukiya har naira miliyan 5. Wannan iyakar ta dukiya ce, ba ta shafi rai da rauni ba. Matsalar ita ce takardun bogi sun yi yawa, irin waɗanda ake saya don a nuna a shingen 'yan sanda kawai. Ana iya duba lambar motar a rumbun bayanan inshora na NIID ta waya a ga ko tana da inshora ta gaskiya. Idan akwai, a tabbatar an sanar da kamfanin da wuri, a rubuce. Idan ta bogi ce, diyyar ta koma kan aljihun Alhaji kai tsaye, kuma kin ƙara gane dalilin takardar da manajan ke yawo da ita. Ki lura, wannan inshora ba ta gyara tirelar kanta, ba ta kuma biyan direba.

Wanda ya sayar da tayar fa? Idan sabuwa ce, da rasit, kuma bincike ya nuna lahanin ƙira ne, dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta ba da damar a bi mai sayarwa da mai shigowa da ita. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta ƙera taya ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi baya a Legas a 2008, kasuwarmu ta dogara ga tayar waje, kuma hukumar kula da ingancin kayayyaki, SON, ta sha kama tayoyin da aka cusa wasu cikin wasu don rage kuɗin kwantena, abin da ke lalata su tun kafin su taɓa kwalta. Amma a maganarku tayar ta suɗe ne, an gani, an faɗa. Ba na jin wannan ƙofar za ta kai ku ko'ina. Haka ma ƙarar gwamnati a kan ramukan hanya: doguwar tafiya ce mai gajeren wa'adi, ku bar ta sai in rahoton VIO ya nuna rami ƙarara.

Tambayarki ta ƙarshe na san ita ta fi hana ki barci. Surukanki sun yi gaskiya cewa ƙaddara ce, babu ran da ke fita sai da izinin Allah. Sai dai Allahn da ya ƙaddara shi ne ya saukar da aya ta 92 a Suratun Nisa'i, inda ya wajabta diyya da kaffara a kan kisan kuskure. Imani da ƙaddara bai taɓa soke haƙƙin wanda aka yi wa ɓarna ba. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Burunai a 1993, ta yanke cewa direba yana ɗaukar alhakin abin da motarsa ta jawo, sai idan abin ya zo ta hanyar da ba shi da ikon karewa ko kauce mata. Da sabuwar taya ce mai lafiya ta fashe yana tafiya a ƙa'ida, da sai a ce babu komai a kansa. Tunda ya san ta suɗe, ra'ayina shi ne ya shirya wa kaffarar azumin wata biyu a jere idan ya warke, bayan ya zauna da malamin da ya san fiƙihu ya faɗa masa komai ba ragi. Wannan ba kisan ganganci ba ne, kada ki bari wani ya sa masa wannan a zuciya. Diyyar kuskure kuma tun asali shari'a ba ta ɗora ta a kan mutum ɗaya shi kaɗai ba, danginsa na wajen uba ne ke haɗuwa su biya a hankali. Shi ma wanda ya hana kuɗin taya yana da tambayar da zai kai wa malamai.

Iyalan mamacin ba abokan gabarku ba ne. Wataƙila can ma akwai mace da yara da aka bari, ba su san ma akwai inshora ba. Manyan dangin mijinki su je ta'aziyya, su duba na asibiti, da abin da ya sawwaƙa a hannu. Kada su yi alkawarin adadin kuɗi, kada su sa hannu a komai, amma su je. Yawancin irin wannan magana a sulhu take ƙarewa, kuma sulhu alheri ne matuƙar an yi shi da ido buɗe: Alhaji da kansa a zaune ko wakilinsa da takardar wakilci, wakilin inshora, magadan mamacin na gaskiya, shugabannin ƙungiya, lauyan kowane ɓangare, a rubuta wa zai biya nawa, yaushe, a kai kotu ta amince. Idan akwai marayu ƙanana, babu wanda ke da ikon yafe rabonsu a madadinsu don jin kunyar manya. Yafewar iyali tana sassauta shari'ar laifi ƙwarai, ko da yake hukuma ce ke da ta cewa wajen janye ta. Su ma su sani ƙarar diyya tana da wa'adi, a jihohi da dama shekara uku ne idan rai ya salwanta, kada a ja su da "za a duba" har lokaci ya wuce.

Maganar cire kuɗin gyara daga albashi kuwa, dokar ƙwadago ba ta yarda ubangida ya yanke hukunci da kansa ya kuma zartar ba. Sai an nuna asarar ta zo ne daga sakacin ma'aikacin, kuma sai jami'in ƙwadago ya amince a rubuce. A gaskiya ma bashin ta ɗaya ɓangaren yake: mijinki ya karye a bakin aiki, kuma dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta tanadi magani da diyya ta asusun inshorar ma'aikata, NSITF, wanda masu ɗaukar ma'aikata ke zuba kashi ɗaya cikin ɗari na albashin da suke biya. Masu motoci da yawa ba sa zubawa, amma rashin zubawarsu bai kashe haƙƙinsa ba, kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana da reshe a Kano. Ki tara duk takardun asibiti da hoton karayar da rasit na magani a leda ɗaya.

Ki sa a ranki cewa da wuya ya koma jan motar gidan nan bayan ya ƙi sa hannu. Don haka tun yanzu ki zauna da yayyensa a lissafa albashi da kuɗin tafiyar da yake bi, a rubuta, a ba lauya ya haɗa cikin abin da za a nema. A kuma yi maganar wanda zai ɗauki cefanen gidan da kuɗin makarantar yara na wata biyu ko uku masu zuwa, domin yunwar yara ita ce igiyar da manajan zai dawo ya ja.